A Zo da Hoto Mai Dariya

Ana tsakiyar zafi Auta ke ɗaukar rigar sanyi idan za ta aiki. Inna ta gani, ta ƙyale ta. Likitoci da tsirfarsu.

Ita dai godiya take yi wa Allah. Tun da yarinyar ta gama karatun haƙori a jami'a take zaune a gida, Kawu yana zuwa yana lissafa mata hanyoyi kamar shi ya shimfiɗa su. Asibitin gwamnati ya ce a jira. Asibitin kuɗi ya ce sai mai gogewa. Koyarwa kuma sai an ƙaro karatu. Wani abokin karatunta yana yawon tallar man goge baki cikin kwat, wata ƙawarta ta buɗe nata wurin a saman shagon tela, tana korar ƙuda.

Sai ga aiki ya samu bayan wani ɗan kwas. Har motar 'yan sanda kan zo ɗaukarta wani lokaci, Inna tana leƙe ta taga don ta tabbata maƙwabta sun gani.

"Ba a taɓa yin wanda ya yi ihu a hannunta ba," in ji Inna ga mai kitso. "Kuma ba wanda ya taɓa dawowa da ƙorafi." Auta ce ta faɗa mata da bakinta, ko murmushi ba ta yi ba.

Abu ɗaya Inna ta lura da shi: duk wanda ya biyo Auta gida da maganar aiki, sai ta ce ya zo da hoton mutumin, wanda yake dariya a ciki, haƙora a waje. Sukan kawo, idanu jawur. Ciwon haƙori ba wasa ba, har dangi yakan sa kuka.

Ana nan sai haƙorin Inna na can ciki ya tashi, kunci ya kumbura. Auta ta haska da fitilar waya, ta ce za ta kai ta wurin ƙawar nan ta saman shagon tela.

"Naki wurin fa?"

"Ba a kai irinki can, Inna."

Irinki. Kalmar ta fi haƙorin zogi. Ita da ta yi goyo, ta yi tashin asuba, yau ita ce ba a shiga da irinta inda manya ke zuwa? Ta kai zuciyarta kan sallaya, zuciyar ta ƙi sauka. In kunyarta 'yar nan take ji, to gara ta ji ta a gaban mutane.

Washegari ta biya wajen mai hoto, ta yi dariya da ƙyar, hawaye na zuba. Ba za a ce ba ta san ƙa'ida ba.

A babban asibiti ta tambayi inda likitar haƙori mai rigar sanyi take. Aka nuna mata wani gini can baya, gaba da wurin wanki. Ba layi, ba yaro mai kuka. Tana tura ƙofa sanyi ya buge ta, ta ce a ranta: ashe dai, dalilin rigar sanyin ke nan.

Wani dattijo mai gadi ya karɓi hoton hannu biyu.

"Allah ya ba da haƙuri."

"Haƙori," Inna ta gyara masa.

"Yaushe ta ɓata?"

"Wa?"

Ya dubi hoton, ya dubi Inna, ya sake duban hoton. Daidai nan Auta ta fito tana zare safar hannu, ta tsaya cak a bakin ƙofa. Inna ta ɗaga kumburarren kuncinta, tana jira ta ji da wane baki za a kore ta.

"Baiwar Allah," in ji mai gadi, yana mayar mata da hoton a hankali, "nan fa ɗakin ajiye gawa ne. Waɗanda ba a gane fuskarsu ba Likita ke duba wa haƙora, ta gano wa dangi nasu. Ke ce ta farko da ta kawo hoton kanta da ƙafarta."