Manomin Albasa a Ƙofar Jirgi

Tunda jirgi za ka hau gobe, Sabi'u, matso in ba ka wani misali.

An yi wani manomin albasa a wani ƙauye na bakin fadama, wanda Allah ya nufa da zuwa aikin Hajji bayan furfura ta cinye masa gemu. Bai taɓa ganin jirgin sama a kusa ba sai ranar tafiya. Da ya hango shi ta gilashin ɗakin jira, sai ya tsaya baki buɗe. Ƙarfe ne da ya fi rumbunan unguwarsu tsawo ko da an jera su, kuma wai shi zai ɗauki jama'ar da za ta cika masallacin Juma'a ya keta gajimare da ita. Tun daga gida abin da yake tsoro ke nan, sama. Ya yi wasiyya, ya nemi gafarar maƙwabta, ya haddace addu'ar matafiyi. Yana cikin kallo sai wata ma'aikaciya ta ɗauki lasifika ta roƙi a shiga kashi-kashi, masu kujerar gefen taga su fara, kowa ya bar tazara tsakaninsa da na gabansa, don kujerar kowa tana nan da lambarta. Ba ta rufe baki ba mutane suka zabura kamar an kwance awaki daga turke. Abokin tafiyarsa, wani tsoho mai ɗingishi da suka fito gari ɗaya, ya riƙe masa hannun riga ya ce, "Zauna, ɗan'uwa. Jirgin nan ba zai tashi ya bar mu ba." Manomi ya zame hannunsa ya ce, "Ni da na saba da tasha? Wanda ya yi sanya a bakin ƙofa, a kan buhu yake tafiya." Ya kutsa cikin taron.

Hanyar da ke tsakiyar jirgin ba ta fi kwarin kunyar gona faɗi ba. Na gaba ya tsaya yana cusa jaka a ma'ajiyar sama, na baya suna turowa, sai aka cushe ƙirji da gadon baya, ba gaba ba baya. Ba a kunna na'urar iska sosai ba tukuna, iskar ciki tana tsaye cik, gumi na tsattsafowa. Wani mutum a bayansa yana ta tari, ɗumin numfashinsa na sauka a ƙeyarsa. Manomi ko waiwayawa bai yi ba, hankalinsa yana can sama. Shi kuwa tsoho sai da aka kira kashinsu ya tashi, ya tarar da hanya fayau, ya ɗingisa zuwa kujerarsa ya zauna. Jirgi ya tashi. Manomi ya leƙa ya ga gonaki sun koma kamar facin riga, kogi ya zama zare, gajimare a shimfiɗe ƙarƙashinsu kamar audugar da aka shanya, ga iska mai sanyi tana sauko masa daga saman kai. Ya yi ta tasbihi har hawaye suka zubo. Suka sauka lami lafiya, ya yi sujadar godiya, ya ce ya tsallake abin da yake gudu.

Ba a jima a Madina ba zazzaɓi ya kwantar da shi, tari ya biyo baya, ciwon ya sauka har cikin huhu. A asibitin alhazai likita ya lura marasa lafiya da yawa jirgi ɗaya suka hawo. Ya tambayi inda kowa ya zauna, sai ya ga kujerunsu a warwatse suke, wani a gaba, wani can wajen wutsiya. Da ya tambayi yadda suka shiga, sai ga shi dukansu suna cikin waɗanda suka yi rububin farko suka maƙale a hanya. Ya ce wa manomi, "Baba, a sama iskar jirgi ana tace ta ana sabunta ta ba ƙaƙƙautawa. Amma a wannan tsayuwar da kuka yi a ƙasa, abin da ɗan'uwanka ya fitar shi kake shaƙa." Manomi ya zuba wa silin ido. Mamaki ya kama shi fiye da wanda ya ji a cikin gajimare: wai numfashin mutumin da bai san sunansa ba, bai ko ga fuskarsa ba, ya shiga ƙirjinsa ya yi gida, abin da ido ba ya gani ya kayar da mutumin da ke ɗaukar buhun albasa shi kaɗai.

Ranar Arfa a motar asibiti aka kai shi, da robar iska a hanci. Yana kwance yana jin muryoyin alhazai ta taga kamar rugugin hadari, ya kasa ko ɗaga hannu. Tsoho mai ɗingishi shi ya tsaya da ƙafafunsa yana yi masa addu'a, shi ya yi masa jifa a Mina. Allah ya ba shi lafiya ya komo gida, amma da rama da sanda, kuma damina guda ta wuce bai iya riƙe fartanya ba.

Shi ya sa Hausawa suka ce, ɗan hakin da ka raina, shi ke tsone maka ido.