Kujerar Baya

Da Mai Kujera ya zare ƙusa ta farko ya san wani ya riga shi taɓa kujerar bayan nan. Kujerun gaba ɗinkin kamfani ne, fatar ta tsattsage har soso na zuba kamar gari. Ta baya kuwa aikin hannu ce, kuma hannun gwani.

Motar ta girme shi. Wata Hajiya ce ta sa aka jawo ta da igiya, ta ce ta marigayin maigidanta ce, tana so ta sake ganinta yadda take ranar da aka saye ta. Shaguna sun fi goma a layin, amma nan ta ce a kawo, bai kuwa tambaye ta dalili ba.

Baba, mahaifinsa, wanda ya koya masa sana'ar, yana zaune a bakin ƙofa kamar kullum. Ido ya tafi, amma bakin yana nan, kare ma ba ya wucewa bai sha tsiya ba. Da aka turo motar ya shafa ƙofarta sau ɗaya, ya koma mazauninsa. Kwana uku ke nan bai tsokani kowa ba. Mai Kujera ya ce tsufa ne, ya ci gaba da aikinsa.

Ya ɗaga fatar, ya yaye soson. Buhun da ke kan ƙarafan sifirin ya yi baƙi ƙirin a gefe guda, ya sandare kamar katako. Shekara talatin yana buɗe kujeru, ya san tabon mai, ya san na ruwan sama da na fitsarin yara. Wannan ba ɗaya daga cikinsu ba ne, tsohon jini ne. Wani ya canja fata da soso cikin gaggawa, ya bar buhun, don ya san ba mai leƙa nan.

Ya zura hannu tsakanin sifirin, yatsunsa suka taɓa wani abu. Takalmin yarinya ne, ja, ƙafar hagu, an ɗaure maɗaurinsa da guntun fatar kujera.

Ya zauna a ƙasa. Shi da kansa ya ɗaure maɗaurin nan yana ɗan shekara tara, don Auta, ƙanwarsa, ta dame shi da kuka. Ranar da mota ta buge ta a bayan shagon nan, Baba ne ya shigo gida da ita a kafaɗa, ƙafa ɗaya ba takalmi. Ya ce wani direba ne, ya ɗauke ta zuwa asibiti, da ya ga rai ya yi halinsa sai ya ajiye ta ya gudu. Inna ta mutu tana yi wa direban nan Allah ya isa. Shi kuma Mai Kujera ya girma yana leƙa fuskar duk wani tsoho mai mota, da ƙiyayyar da ba ta da inda za ta sauka. Yau ta samu.

Bai gaya wa Baba ba, ya ji tsoron zuciyar tsohon ba za ta ɗauka ba. Ya sa takalmin a aljihu, ya kira Hajiya ya ce ta zo ta zaɓi launin fata.

Ta iso da hantsi. Ya bar ta ta gama jujjuya fatun, sannan ya tambaye ta ko maigidan ya taɓa yin haɗari da motar nan. Ta yi dariya, ta ce mutumin da ko kaza bai taɓa takawa ba, makullinta ma ƙarƙashin matashi yake kwana.

“To, Hajiya, wa ya sake kujerar baya?”

Ta juya wajen ƙofa inda Baba ke zaune, fuskarta cike da fara'a.

“Ai shi ya sa na kawo ta nan, ɗana. Sau ɗaya tak ta taɓa barin hannun maigida, satin da ya bar wa Babanka ita da makulli ya ɗinke fatar ƙofar direba. Mutumin kirki, sai ga shi ya dawo mana da ita da sabuwar kujerar baya, ba wanda ya sa shi.”