Minsharin Ɗan Mai Waina

Kai da kake cewa ƙwayar barci ai magani ce, ba ta kai allura sharri ba, tsaya ka ji.

Wata mai tuyar waina tana da ɗa tilo, mai walda. Ciwon baya ne ya kai shi ga allurar kashe zafi. Ciwon ya warke, allurar ta ƙi sakinsa, har ya iya neman jijiya da kansa, hannuwan nan duk tabo. In bai samu ba, sai ya yi kwana biyu bai runtsa ba, yana zagaye tsakar gida kamar kaza mai neman wurin ƙwai. Uwa dai uwa ce. Ta lura duk ranar da barci ya ɗauke shi, ba ya fita neman allura. Shi ke nan, wai ita ta samo dabara! Ta je kemis ta sayo ƙwayar barci, ba takardar likita, mai kemis ɗin ko kai bai ɗaga ba. Ta riƙa daka masa ɗaya cikin kunu. Da ɗaya ta daina yi masa, ta koma biyu.

Ran nan da hantsi ya shigo yana layi, ashe ya riga ya soka abarsa a bayan gareji. Ta miƙa masa kunu da ƙwaya uku a ciki, ya shanye ya kwanta. Can sai minshari mai nauyi, ya ja ya tsaya, ya sake ja. Wallahi daɗi ta ji har cikin ranta. Abokin aikinsa ya zo, ya jiyo daga ƙofa, ya ce, "Inna, minsharin nan bai yi mini ba, bari in tashe shi." Ta tare ƙofa: "Kul! Rabonsa da barci irin wannan tun azumi." Ta kore shi, ta kashe rediyo, ta hana maƙwabciya daka. Baiwar Allah ba ta san allura da ƙwaya sun haɗu sun danne masa numfashi ba. Abin da take kira minshari, kakarin mutuwa ne. Da la'asar ta shiga da butar alwala, ta tarar leɓɓansa sun yi baƙi, jiki ya yi sanyi. Wuni guda tana gadin ƙofa kada a tashe shi, ga shi yanzu ba mai tashinsa sai ranar busa ƙaho.

Ai dama Hausawa sun faɗa: barci ƙanin mutuwa ne.