Mai Walda da Kyaftin ɗin Tsallake

Ka ce bakinka ba ya iya faɗin alherin wanda ya kayar da kai. To, gyara zama in ba ka misali.

A wani gari da kogi ya raba biyu an yi wani mai walda wanda, in ka ɗebe iyalinsa, ba abin da ya sa a rai kamar ƙungiyar ƙwallon Cikin Gari. Shi ne shugaban magoya bayanta, shi ke ɗaga waƙa a fili sauran su amsa. Abokan hamayyarsu 'yan Tsallake ne, su kuwa suna da wani kyaftin ɗan wasan tsakiya, siririn mutum, ba gudu ba hayaniya. Ƙwallo dai in ta zo ƙafarsa sai ya ɗaga kai sau ɗaya, ya zura ta tsakanin mutum uku kamar zare a kafar allura, kafin masu tsaron baya su waiga an jefa ta raga. Shekara goma sha shida yana yi musu haka. Sau biyar ya raba su da kofi. Mai walda ya zage shi har muryarsa ta dushe. Ya sha komawa gida ya tasa tuwo a gaba ya kasa ci, uwargidansa ta zo ta ɗauke kwano. Akwai ranar da ya ɗaga hannu sama ya roƙi Allah Ya lalata gwiwar mutumin. Gwiwar ta lalace kuwa, aka yi masa aiki, ya dawo yana ɗingishi ya ci gaba da cin su.

Ana nan sai labari ya zo kyaftin zai ajiye takalmi, kuma wasansa na ƙarshe ya faɗo a filin Cikin Gari. Samarin magoya baya suka taru a shagon mai walda suka ƙulla shawara: da zarar an fitar da shi daga fili, a raka shi da ihu da jifa da ledar ruwa, ya tafi da kunyar da ya daɗe yana ɗora musu. Shugaba ne zai ba da alama. Lokacin nan furfura ta cinye gemun mai walda, hasken wutar walda ya rage masa gani, matakalar fili ma sai ya huta sau biyu kafin ya kai wurin zamansa. Ranar wasa bai ɗaga waƙa ba. Ya zauna yana kallon mutumin nan, wanda gwiwoyinsa duka biyu ke naɗe da bandeji, yana dafa ƙugu yana haki, amma har yanzu in ya ba da ƙwallo sai ta je inda ya aike ta. Mai walda ya yi ta lalube a ransa ko zai tuna ranar da kyaftin ya faɗi da gangan, ko ya zagi alƙalin wasa, ko ya rama zagin da shi kansa ya yi masa. Bai samu ba. Ya tuna kuma sau ɗaya da suka ci Tsallake suka kwana uku suna biki, ya gane daɗin nasarar nan duk don kyaftin ɗin suka kayar ne. Saura minti goma aka ɗaga lambar kyaftin za a canja shi. Samari suka zuba wa shugabansu ido, kowa da leda a hannu. Mai walda ya dafa gwiwa ya miƙe da ƙyar, ya haɗa tafukan nan nasa masu tabon ƙuna, ya fara tafi shi kaɗai.

"Baba, ka koma Tsallake ne?" in ji wani daga bayansa.

"Ban koma ba, ɗana. Na dai gaji da yi wa idona ƙarya."

Kaɗan suka taya shi, wasu suka yi jifarsu duk da haka. Kyaftin ya tsaya a bakin layi, ya ɗaga kai ya ga fuskar da ta yi shekaru tana zaginsa. Ya dafa ƙirji, ya ɗan russuna, ya wuce yana jan ƙafa. Cikin makon nan aka tuɓe mai walda daga shugabanci, bai ja da kowa ba. Da shekara ta zagayo Cikin Gari suka lallasa Tsallake uku ba ko ɗaya, gari ya ɗauki ihu, shi kuwa ya sauko matakala a hankali ya nufi gida, yana jin kamar ya ci miya ba gishiri.

Shi ya sa Hausawa suka ce, yabon gwani ya zama dole.