Kwano Mai Jan Zare

Jiya a kasuwar Baima, nan Guangzhou inda jikana ya kawo ni maganin ido, wata 'yar China ta ɗaure min mayafai da jan zare. Jikan ya ce, "Hajiya, a wurinsu ja alheri ne."

Ina yarinya, Innata takan ɗaura jan zare a murfin kwanonta don kada ya ɓata a gidan biki. Ni kuwa ba da aure aka same ni ba. Duk gari an sani, sai ni.

Wata la'asar ana suna a maƙwabta. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa, ta yi miyar taushe har da man shanu, ta ɗora min a ka. Na kai, na tsaya jiran kwano. Mata na buɗewa suna rabawa. Da aka zo kan namu, wata tsohuwa ta taɓa zaren da yatsa, ta ce, "Wannan na wance ne. Mayar mata, yarinya, mun ƙoshi."

Na biyo lungu da shi, da nauyinsa, kada yara su gani. Inna ta ɗaga murfi. Ƙamshin man shanun nan, har yau in na ji shi sai na sunkuyar da kai.

Ta shimfiɗa tabarma, ta ce, "Wanke hannu, uwata. Ai bai huce ba."

Na ce ba na jin yunwa. Ita kaɗai ta ci, ta juya min baya.