Darasin Farko a Majema

"Kori mutum ɗaya yau, gobe sauran za su ji tsoronka," in ji direkta, hankici a hancinsa. Kwanana uku da zama shef, wato shugaban ma'aikata, a wata majema a Zinder, ya zo koya mini shugabanci.

Ya nuna tsohon da ke durƙushe bakin ramin bagaruwa. "Wancan. Ba ya sauri."

Tsohon nan ne ya koya mini kankare gashi ba tare da na huda fata ba.

"Mushe direkta," na ce, "jikoki biyar yake ci da su."

"To, zaɓi. Ko shi, ko kujerarka."

Na zaɓi kujera. Na faɗa wa tsohon da ƙarfi cewa na kore shi, kowa ya ji, muryata ko rawa ba ta yi ba. Direkta ya dafa kafaɗata. "Yawwa! Yanzu ka zama shef."

Shekara goma sha biyu ina cikin warin ɗanyar fata, zuciyata ba ta taɓa tashi ba. Ran nan na zaga bayan katanga, na yi ta amai.

Wani ya miƙo mini buta. Tsohon ne, wuƙar aikinsa a hammata.

"Kurkure bakinka, ɗana. Kada ma'aikata su ga shef haka."