Sawun Haƙori

Ni na riga kowa gane halin da gurgun masuncin unguwarmu yake ciki, don idona bai taɓa cin amanata ba.

Dattawan ƙwallon unguwarmu a Haɗeja sun rabu biyu kan hana almakashi, wato a sulalo ta baya a datse ƙafar yaro da ƙafafu biyu. Saura ra'ayin gurgun masunci, wanda tun muna samari yake cika baki cewa kada ne ya tauna masa ƙafa a kogi.

"Baba, ƙwallo ba ta ragwaye ba ce," in ji masu son a bari. "Kai da ka ƙwaci kanka a bakin kada, gaya musu!"

Ya dubi fili. Fadamar da ake wasa a ciki ta bushe ƙamas, ga jikansa can yana gudu da ƙwallo. In ya ce a hana, za a nemi dalili. In ya yi shiru, gobe akwai wasa.

"A hana," ya ce, kansa a ƙasa.

Aka bushe da dariya, wai tsufa ya koya wa jarumi tsoro. 

Ni na goyo shi daga wannan filin ranar da almakashi ya karya masa ƙafar. Mai musu ya je ya ɗage masa wando, ya nuna mini sawun haƙori ko ɗaya.